Otal ɗin "minti biyar zuwa tasha" a Kubwa: tauraro biyu, su ma na mai gadi ne

Duk wanda ya taɓa haɗa jirgin ƙasan Warri da na Abuja zuwa Kaduna a tafiya ɗaya ya san ba a gama ta a yini guda. Jirgin da ke tasowa daga Ujevwu, tashar Warri, a Itakpe yake sauke mutane, can jihar Kogi, daga nan sai mota: Lokoja, Koton Ƙarfe, Abaji, Gwagwalada. Kafin ka shigo Abuja jirgin Kaduna na ƙarshe ya daɗe da tafiya, don tun da aka dawo da shi a Disambar 2022, bayan harin da aka kai masa a watan Maris na shekarar, ba ya kai dare kamar da. Ko dai ka bi hanyar Kaduna a mota cikin duhu, ko ka nemi wurin kwana ka jira na safe. Ni da Hajiyata muke tafe, mun dawo daga wurin yayana da ke kasuwanci a Warri, kuma ba zan ɗora tsohuwa mai ciwon gwiwa a wannan hanyar da daddare ba.

Kubwa na zaɓa, ba Idu ba, kuma har yanzu a kan wannan nake. Idu ce babbar tasha, daga nan jirgin yake tasowa, amma unguwar masana'antu ce, da magariba ta yi sai wurin ya zama kufai, ko mai shayi sai ka sha wuya. Kubwa kuwa gari ne, ga abinci ga kemis ga masallatai, kuma wanda ya taho ta Gwagwalada da Zuba a kan hanyarsa take. Illarta ɗaya: jirgi ba ya jimawa a nan. Zuwa yake da mutanen Idu a ciki, ya ɗan tsaya ya wuce, in kana da kaya da dattijuwa dole ka riga shi isa bakin dogo.

Saboda haka abu biyu na duba a intanet tun muna cikin mota: kusanci da tasha, da wuta. Wannan otal ɗin ya rubuta duka biyun ɓaro-ɓaro, minti biyar zuwa tasha, wuta awa 24. Ba zan kama suna ba, masu bin layin za su gane shi.

Shigarmu ta farko wallahi sun burge ni. Hajiya dama ba son otal take ba, tun daga Abaji take mita wai mace da mutuncinta me zai kai ta kwana a irin wannan wuri, gara mu nemi ɗiyar ƙawarta da ke Dei-Dei ko da tsakar dare ne. Amma yarinyar da ke karɓar baƙi tana ganin yadda take jan ƙafa ta ce, "Mama, ba za ki hau bene ba," ta canza mana ɗaki zuwa ƙasa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Zanin gado fari tas, banɗaki ba wari, esi na aiki. Har buta aka kawo da na tambaya. Hajiya ta yi sallolinta, ta miƙe ƙafa, ta ce ashe dai akwai na kirki. Ni ma a raina na gama ba su tauraro biyar.

Soket ɗaya ne kawai ke aiki a ɗakin, shi ma ya yi sako-sako, sai da na tokare kan cajar da takalmina kafin wayar ta fara ɗauka. Ban damu ba, na ce kafin asuba ta cika.

Sha biyun dare na bugawa komai ya ɗauke ɗif. Esi, fitila, har fanka. Na jira na ji tashin janareta, shiru. Na lalubi wayar, ko kwata ba ta kai ba, don tun Itakpe take ja. A cikinta kuma tikitinmu yake, mu biyu, da hoton takardar NIN ɗina da ta Hajiya. Wanda ya hau jirgin nan ya san yadda ake yi a ƙofa: ka nuna tikiti a duba, sunan ya yi daidai da shaidarka, ba mai sauraron labarin caji. Wayar Hajiya kuwa 'yar ƙaramar nan ce mai madannai, fitila kawai ta iya ba mu.

Na fita wurin karɓar baƙi. Yarinyar ta tashi daga aiki, wani saurayi ne kwance a doguwar kujera ya lulluɓe fuska da hula. Na ce, "Malam, lafiya aka kashe inji?" Ya ce umarnin manaja ne, dizal ya yi tsada, sha biyu ake kashewa sai da safe. Na ce to ina awa 24 ɗin da kuka rubuta? Budar bakinsa sai cewa ya yi, "Hajiya, ai in NEPA ta kawo, awa 24 ne." Ko dariya bai yi ba. Na roƙe shi ya tayar ko na rabin awa ne in sa caji, ya ce makullin ɗakin injin ba a hannunsa yake ba. Pawa bank fa? Babu. Ya gyara hularsa ya koma.

Lokacin zafi ne, kuma kowa ya san zafin Abuja kafin saukar damina. Ɗakin da aka gina don esi, tagarsa 'yar mitsitsiya, ragar ta yage ta gefe. In ka rufe ka dahu, in ka buɗe sauro ya shigo. Hajiya ta zauna bakin gado tana fifita da murfin kwalin takalmi, ba ta ce min komai ba, kuma shirun nan ya fi mitar ciwo. Can ta ce, "Da yanzu muna Dei-Dei."

Wajen ƙarfe ɗaya na sake fita tsakar gidan don in sha iska, nan na tarar da mai gadi a bakin get, dattijo da rawani, yana jin rediyo ƙasa-ƙasa, ga 'yar fitila tana ci a gefensa. Na gaishe shi, ya ce, "'Yata, ba ki yi barci ba?" Daga harshensa na gane mutumin Nijar ne, ya ce daga wajen Tawa yake. Na faɗa masa halin da nake ciki. Bai ce uffan ba, ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da wani ƙaramin batirin sola, irin mai farantin da ake shanyawa a rana, ya zare wayar fitilarsa ya soka tawa. Wato ya zauna a duhu kenan saboda ni. Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce shi ya saba, in je in kwanta, zai ƙwanƙwasa mana kafin kiran salla.

Kuma ya ƙwanƙwasa. Waya ta kusa cika. Da na buɗe famfo don alwala sai iska kawai yake fitarwa, tunda ba wuta ba a tura ruwa tanki ba, Baban ne dai ya kawo mana rabin jarka daga nasa. Shi ya tambaye ni wa zai kai mu tasha. Na ce ai minti biyar ne, ma taka a hankali. Ya girgiza kai ya ce, "Da Hajiya da akwati? A'a." Ya kira wani mai keke da ya sani, ya zo tun gari bai gama wayewa ba.

Minti biyar ɗin nan sai dai in tsuntsu ne ya auna. A taswira kam ga tasha ga otal, amma hanyar sai ta zagaya ta cikin unguwa, ta bi wani layi mai ramuka, sannan ta fito titi. A keke ma mun fi minti 20. Da ƙafa muka taho da sai dai mu hangi bayan jirgi. Mun samu mun wuce bincike, aka duba tikiti, muka zauna muka huta kafin ya iso daga Idu. Na ba Baba abin goro kafin mu fito, sai da Hajiya ta sa baki ta ce, "Malam, karɓi, albarka ce," sannan ya karɓa.

A cikin jirgi, ga sanyi ga kujera, zuciyata ta sauko. Na ce to, ɗaki dai mai tsabta ne, yarinyar ta mutunta Hajiya, mai gadinsu mutumin kirki, tsadar dizal kuma ba su suka jawo ta ba. Tauraro uku ya dace da su, har na fara rubutawa. Mun wuce Jere na buɗe jaka neman kuɗin keken da za mu hau in mun sauka Rigasa, sai na tuna naira 5,000 ɗina.

Da daddare bayan kuɗin ɗaki sun karɓi wannan, wai ajiya ce saboda makulli da rimot, in za ka fita a mayar maka. Da asuba na miƙa makulli da rimot ɗin talabijin da ko kunna shi ba mu yi ba, saurayin nan ya ce kuɗi na ofishin manaja, manaja kuma sai tara. Ya ce in bar lambar asusu, kafin mu kai Kaduna zan ji shigarsu. Daga nan sauran abubuwan suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Karin kumallon da suka ce yana cikin kuɗin ɗaki, sai takwas ake fara shi. Otal ɗin da ke tallar kansa da jirgi, ya san sarai baƙinsa da sassafe suke fita, amma ya ajiye shayi da kuɗin ajiya duka a bayan tafiyarsu. Wannan ba tsadar dizal ba ce, lissafi ne. Mutum nawa ne zai dawo daga Kaduna ko Kano saboda naira 5,000?

Ni kam ban bari ba, ba don yawan kuɗin ba. Na yi ta kira, yau manaja na taro, gobe ya yi tafiya, jibi netwok. Wanda zai kwana a layin nan ya tambaya tun a waya ƙarfe nawa ake kashe inji, ya ƙi ba da ajiya sai da takarda, ya sa tikitinsa a takarda ko a waya ta biyu, kuma ya shirya mai keke tun dare.

Jiya na sake kira, wata sabuwar murya ta ɗauka. Ta ce wancan yaron ya bar aiki, amma ba matsala, in turo hoton rasit ta WhatsApp za a duba. Rasit ɗin kuɗin ɗaki kaɗai suka ba ni, na ajiyar ba su rubuta ba.