Kwarashi ko tsinke biyu? Amsa ga Maman 'yan biyu

Wa alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Kin ce tsakanin kwarashi da saƙar tsinke biyu wanne za ki fara, ke da yaran. Kwarashi za ki saya. Sauran abin da zan rubuta hujja ce kawai, don kada ki ce na yanke miki hukunci da ka.

Babban abin da ya raba su ba kyau ba ne, ba kuma sauri ba. A kwarashi zarge ɗaya ne kike riƙe da shi a ƙugiya, duk abin da kika saƙa a baya ya riga ya ƙullu ya zauna. A tsinke biyu kuwa idanun layin gaba ɗaya a buɗe suke, jere a jikin tsinken. Hular jariri kaɗai sai ki ga ido sittin ko fiye, kowanne yana jiran ya zame. To ki auna wannan da irin gidajenmu, inda ba ki isa ki gama layi ɗaya ba a kira ki ba: tukunya na kan wuta, mai ruwa ya yi sallama, wannan ya doki wancan, an kira la'asar. Mai kwarashi sai ta zare ƙugiyarta ta soke a ɗankwali, ta maƙala fil a bakin zargen, ta tashi abinta. Ko da yaro ya ɗauki saƙar ya zagaya tsakar gida da ita, ba abin da zai warware. Mai tsinke biyu fa? Ɗan rarrafe ya ja tsinke ɗaya, ido sittin sun zube a lokaci guda. Ko ido ɗaya ne ya kuɓuce miki ba ki lura ba, haka zai yi ta sulalewa ƙasa layi bayan layi, ya bar miki wata tsaga mai kama da tsani a tsakiyar riga. Abin dariyar ma, da kwarashi ake kamo shi a hawo da shi. Ke nan ko kin zaɓi tsinken, sai kin koma kin sayi kwarashin.

Ga kuma tsawo. Tsinken saƙa na yau da kullum ya kai inci 14, da tsini, guda biyu. Ke da kike da 'yan biyu masu tashen hawa jiki, ba na son wannan a cinyarki. Kwarashi bai wuce inci 6 ba, bakinsa a lanƙwashe, yana shiga jakar hannu tare da dunƙulen zare ki tafi da shi layin awo ko gidan biki.

Ni a hannun goggona na koya, ƙanwar babanmu da ke aure a Zariya, lokacin da ake kai mu hutu wurinta. Tsarinta guda ne: ba za ta nuna miki komai ba sai kin iya sarƙa, wato jerin zargen da ake fara saƙar kwarashi da shi. Za ki yi ta jan sarƙa har ta kai daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure, ta karɓa ta bi ta da yatsa, in ta ji wani wuri ya matse wani ya saki, sai ta kama bakin zaren ta ja, fuuu, ta miƙo miki ki sake. Kakarmu na gefe a kan tabarma da mazarinta da ɗan allinta tana kaɗi, tana yi mana dariya wai mu 'yan zamani zaren ma sai an saya mana. Ranar da hannuna ya daidaita goggo ba ta yaba ba, cewa kawai ta yi "to, juyo," ta nuna mini yadda ake komawa a kan sarƙar a fara layi na biyu. Shawul ɗin da ta saƙa mini da na yi haihuwar fari har yau yana yawo a dangi. Duk wadda ta haihu sai an aiko a karɓa don ranar suna, in an yi arba'in a wanke a dawo da shi. Launinsa ya koɗe, amma ko ido ɗaya bai kwance ba.

Abin da ya sa nake cewa kwarashi na gida ne, yana rabuwa. Akwai saƙar 'yan falle masu kusurwa huɗu, kowanne kamar faɗin tafin hannu, ana farawa daga tsakiya a yi ta zagayawa, daga baya a harhaɗa su su zama bargo ko rigar filo. A gidana in an dawo daga Islamiyya an ci abinci, kowa da fallensa. Babbar tana yin nata da launi uku, mai bi mata launi ɗaya take iyawa, namijin kuwa da ya ce saƙa ta mata ce shi ne mai naɗe zare, kuma ba ya yarda wani ya taɓa masa aikinsa. Falle ɗaya yarinya za ta gama shi a zama guda ta ɗaga ta nuna wa babanta, wannan gamawar ita ke riƙe yaro. Ki ba yarinya 'yar shekara tara tsinke biyu ki ce ta saƙa mayafin wuya, kafin ta kai rabi ta gaji ta jefar. Sai dai ki sani hannu ba ya zama ɗaya: na wata zai fito a matse, na wata a sake. Kada ki warware musu, ransu zai ɓaci. Ke ki bi kowane falle da layin ƙarshe da hannunki, da launi guda, ki ƙara wa ƙaramin zagaye ɗaya, za su daidaita wurin haɗawa. In kuma a cikinsu akwai bahaguwa, kada ki tilasta mata dama. Ki zaunar da ita tana fuskantarki maimakon gefenki, abin da hannunki na dama ya yi sai hagunta ya kwaikwaya.

Tsinke biyu ina da su. Na saya lokacin da na ga wata suwaita a hoto ta shiga raina, suna nan a ƙasan akwati. Ba zan zalunce su ba: saƙarsu ta fi laushi, ta fi sirantaka, tana miƙewa ta koma, shi ya sa safa da suwaita da bakin hannun riga suka fi kyau da su. Sun kuma fi tattalin zare. Abin da dunƙule uku zai yi a tsinke, a kwarashi ki shirya kusan huɗu. Iyakar yabon da zan yi musu ke nan. Safar ma yawanci ba da biyun ake yi ba, sai an nemo gajeru huɗu ko biyar masu tsini ta kowane ɓangare, ko mai igiya a tsakiya, kuma saƙar tasu ta fili bakinta naɗewa yake yi sai an yi masa gefe na musamman. Da a Jos kike, inda suwaita ke aiki wata da watanni, da na ce ki daure ki koya. Mu nan sanyin na Disamba da Janairu ne, ya ɗan taɓa Fabrairu ya wuce. Hula da shawul da ɗan takalmin jariri su ne abin buƙata, kuma duk kwarashi ya fi saurin fitar da su.

Ga abin da za ki nema. Kwarashi na ƙarfe mara nauyi, irin na alminiyam, mai rubutun 4 mm a jikinsa, ɗaya naki ɗaya na kowace yarinya, don in kuka yi tarayya a ɗaya faɗa za a yi. Ki duba milimita, kada ki bi lamba kawai, domin siraran nan na ƙarfe da ake saƙar leshi da su lambarsu a juye take, mai babbar lamba shi ne ƙarami. Kada ki karɓi na roba mai araha, yana da wani ɗan kaifi a inda aka haɗa shi, yana tsarge zare. Ki shafa bakin ƙugiyar a gefen mayafinki, in ya kama ki ajiye. Zare kuma matsakaici, mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ba na mai koyo ba ne, ba za ki ga inda za ki soka ba, balle in an ɗauke wuta kina aiki da fitilar waya. Mai gashi-gashin nan da ke ɗaukar ido a shago shi ma ki bar shi tukuna, in kika yi kuskure ba ya warwaruwa.

Yanzu maganar da ba ki tambaya ba, masu sayarwa. Kusan duk abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Ba laifi ba ne, shi ma yana da ɗumi, yana jure wanki, da shi yawancinmu muke aiki. Laifin shi ne a sayar miki da shi da kuɗin ulu na gaske a ce daga waje aka kawo. Gwajin ba wuya: ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, da warin leda. Ulun gaske warin ƙonannen gashi yake yi, abin da ya ƙone ki murza ya zama gari. Na auduga kuwa warin takarda, tokarsa mai laushi. Mai gaskiya ba zai hana ki gwadawa ba.

Sai masu naɗe zare a kan ƙaton kwali, ki ga dunƙule ya cika hannu, ki yi layi kaɗan ki tarar da kwali. Ki matsa shi da yatsa ki ji cikinsa. Takardar jikinsa tana faɗin nauyi, yawanci giram 50 ko giram 100, wani lokaci har da tsawon zaren a mita. Wanda ba takarda, ko aka ɗaura masa takardar wani, ki nemi a ɗora miki a sikeli. Wasu kuma guntaye suke ƙullawa su naɗe, ki yi ta cin karo da ƙulli a tsakiyar aiki. A takardar akwai wata lamba ta rini. Dunƙule biyu za su iya zama launi ɗaya a ido cikin shago, in lambar ta bambanta sai kin shimfiɗa shawul a rana ki ga rabi ya fi rabi duhu. Saboda haka ki sayi abin da zai ishe ki a tashi ɗaya, da rarar ɗaya. Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa guntu ki matse a farin ƙyalle, in ya zuba a nan zai zuba a jikin farar rigar suna. Araha ba ta ado. Masu tallar intanet kuma da ke ɗora hoton saƙar wasu su ce ki tura kuɗi tukuna, ki ce su ɗauki bidiyon kayan a hannunsu suna faɗin sunanki. Yawanci daga nan ba ki sake jin su.

Za a kuma zuga ki da injin saƙa, a ce ki bar wahalar hannu ki kama sana'a. Wannan wata hanya ce daban, ba zaman hira da yara ba ce, mutum ɗaya ke turawa saura kallo. Yawancin waɗanda ke yawo na hannu ne, kamfanin Brother ma ya daɗe da daina ƙera su, kayan gyaransu sai an sha nema. Irin wanda aka fi samu allura 200 gare shi, kuma akwai wani dogon ƙarfe mai soso a ciki da ke danne allurai, in soson ya mutu injin ba ya saƙa sai cin zare. Duk wadda za ta saya ta sa a saƙa mata faɗin injin gaba ɗaya a gabanta kafin ta biya. Ke dai ba yanzu ba.

Tunda na san ƙarshenta kayan jarirai za ki fara, ki kula da waɗannan. Kan jariri sabon haihuwa wajen inci 13 zuwa 14 ne a zagaye, ki auna da tef ɗin tela. Kada ki sa wa hula igiyar ɗaurewa a wuya, kada ki ɗinka maɓalli ko dutsen ado da zai iya cirewa ya kai baki. Shawul ki yi masa saƙa mai ƙananan ido, manyan ramukan nan masu kyau a hoto yatsun jariri suna shiga su maƙale. Cikin ɗan takalmi ki bi ki soke duk bakin zaren da ya yi saura, sili ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya kumbura ba a sani ba. Zaren roba kuma ba ya shiri da wuta: a hunturu da ake shiga da kaskon gawayi ɗaki, a nisanta shi, don narkewa yake yi ya manne a fata. Dutsen guga ma kada ya taɓa shi. A wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a matse a tawul, a shanya a kwance, in aka rataya a igiya zai zazzago ya ɓata siffa. In haihuwar a bazara za ta faɗo, Maris zuwa Mayu, ki bar ulu gaba ɗaya ki nemi zaren auduga, in ba haka ba ƙurajen zafi za ki saƙa wa yaron mutane.

Ki fara da dunƙule biyu kawai na gwaji, ku yi ta sarƙa ke da yaran har hannu ya faɗa, sannan falle. In kin shiga kasuwa ki ɗauki hoton takardar zaren gaba da baya ki turo mini kafin ki biya, zan duba miki.