Garin kanti ko garin gida: amsata ga 'yar uwar da alkama ke wahalarwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kin tambaya wanne ya fi tsakanin garin kanti mai tambarin "babu gulutin" (gulutin shi ne sinadarin nan mai danƙo da ke cikin alkama) da hatsin da za ki kai niƙa da kanki, to ni na gida zan ce ki riƙe. Shekara 4 ke nan rabona da alkama, kuma duka biyun sun ratsa ta madafina a nan unguwar Aboabo, Kumasi.

Na kantin sau biyu na saya, a wani babban shago a Adum, lokacin da nake ganin ba zan iya karyawa ba burodi ba. Kuɗin leda ɗaya da ba ta kai kilo ba ya isa in yo cefanen gero olonka-olonka (gwangwanin awonmu na nan) a kasuwar Asawase har da canji. Da na juya bayan ledar, abin da ke ciki garin shinkafa ne, da sitacin masara, da na rogo, da na dankalin Turawa, sai wani danƙo da ake sawa don kwaɓin ya haɗe. Burodin da na gasa kuwa, kafin la'asar ya bushe yana marmashewa a hannu. Abu ɗaya zan yaba masa: in kamfanin na ƙwarai ne, an auna shi, gulutin ɗin ciki bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wanda shi ne ma'aunin da duniya ta amince da shi. Saboda haka in kek ɗin biki za ki yi sau ɗaya a shekara, ba laifi.

Garin gida kuwa surukata ce ta buɗe min ido a kansa. Azumin farko bayan na bar alkama, ana kiran magariba kowa ya ja kwanon koko da pinkaso, ni ina riƙe da dabino ina kallo, hawaye na zubo min. Mma, wato surukar tawa, ba ta ce komai ba. Da aka yi sahur ta jiƙa shinkafar tuwo, da hantsi ta sa aka markaɗa, ta zuba 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, ta rufe da faifai ta ajiye a rana. Wajen la'asar ta kira ni ta ɗaga faifan, ƙullun ya taso yana ƙananan ƙwayaye, ɗan ƙamshin tsami na tashi. Ta ɗora tanda, ta ɗiga mai a kowane gurbi, masa ta fito gefenta ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol kamar auduga. Ta ce min, "'Yata, can arewa da gero da dawa aka raine mu, fulawa baƙuwa ce." Ranar na ci na ƙoshi, na yi tarawihi a tsaye ba kumburi ba murɗar ciki, abin da na daɗe ban samu ba.

Daga nan na lura yawancin abincinmu na Kumasi ba ruwansa da alkama tun asali. Tuwon zafi masara ce da garin rogo. Banku, dokunu, fufu, kokonte, tuwon shinkafa, dafaffiyar doya da miyar kontomire, fura, burkina, ƙosai, tubani, duk halal ɗin cikinki ne in an yi su yadda aka gada. In kina kewar kuskus, nemi acca, wadda ake nomawa wajen Chereponi a arewacin Gana, ki turara ta, ba za ki ƙara tuna na alkama ba. Abin da za ki yi bankwana da shi shi ne burodi, pinkaso, bofrot, fanke, cincin, biskit, Indomie, Semovita da taliya. In kuma gulutin ne matsalarki, ba alkama kaɗai ba, to sha'ir ma ya shiga, wato Milo da lemunan malta sun fita daga lissafi.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kai ba. Kada ki sayi niƙaƙƙen gari a buɗaɗɗen kwano wurin wanda ba ki sani ba. Na taɓa sayen "garin gero zalla" wurin wata da ta rantse min har da sunan Allah, na kwana uku ina zarya bayan gida. Da na kwaɓa ragowar na murza shi cikin ruwa, sai ga wani abu mai danƙo kamar cingam ya rage a tafina. Gero ba ya haka, fulawa ce ke barin wannan danƙon. Sai dai wannan gwajin mai yawa kawai yake kamawa, kaɗan ba zai nuna ba. Wasu masu masa da ƙosai ma suna barbaɗa fulawa don ƙullun ya yi auki, wasu kuma ba mugunta ba ce, man da aka soya pinkaso ne ake tsoma ƙosan a ciki. Wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, ki ce ba taliya, ki kuma kalli cokalin da take ɗiba da shi. Dunƙulen miya, yajin tsire na leda, garin Tom Brown, da baƙin miyar soya da ake zubawa a soyayyar shinkafa, duk ki karanta bayansu ko ki tambaya. Masu maganin gargajiya na tasha da ke cewa kwalba ɗaya za ta wanke miki hanji ki koma cin burodi, ki riƙe kuɗinki.

Injin niƙa shi ne babban lagon garin gida, gaskiya. Injin da ya niƙa alkamar wata kafin ke zai bar ƙura a naki. Da farko sammako nake yi, in sa mai injin ya kwance ya share, in fara zuba tafi biyu na hatsina a zubar da abin da ya fito. Daga baya na tara kuɗin adashi na sayi ƙaramin injin busasshen hatsi na gida, hankalina ya kwanta. Ki wanke hatsinki, ki shanya ya bushe ƙayau, domin masara mai danshi tana fumfuna, kuma wannan wata cutar ce daban.

Tunda kin ce ba a yi miki gwaji ba tukuna, don Allah kada ki bar alkamar gaba ɗaya sai an ɗebi jininki. Ciwon nan kashi uku ne. Akwai siliyak, wanda gulutin ke sa garkuwar jiki ta cinye ƙananan gashin cikin hanji har abinci ya daina shiga jiki, kuma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Akwai borin jini, mai kawo ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Akwai kuma wanda cikinsa ne kawai ba ya karɓar alkama, hanjinsa lafiya. In kin riga kin daina ci, gwajin siliyak zai iya fitowa ba komai alhali akwai. Ki nemi ganin likitan ciki a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ya rubuta miki gwajin. Nawa siliyak ne, shi ya sa nake tsananta wa kaina haka, mai yiwuwa naki bai kai nan ba.

Fulawar Gana ana ƙara mata sinadarin ƙarfe da folik asid, to in kin bar ta sai ki cike gurbin da wake, zogale, ayoyo, hanta da ƙwai. Ni jinina ya yi ƙasa sosai a farko, sai da aka haɗa min da ƙwayar ƙarin jini.

Ki fara da olonka ɗaya na gero da ɗaya na shinkafar tuwo, ki ware musu rariya da muciya da robarsu daban, kada a taɓa su da fulawar mutanen gida. In ƙullun masar ya ƙi tashi, ki min magana, yawanci ruwa ne ya yi yawa ko yis ɗin ya tsufa.