Stelvio, Galibier, Alpe d'Huez ko Sellaronda: wacce za ka zuba wa kuɗinka?

Mai son hawa keken tsere a tsaunukan Alps na Turai abu uku yake saye: masauki a gindin dutse, keken haya, da 'yan kwanakin da hanya take a buɗe. Manyan mashigan duwatsun nan dusar ƙanƙara ce ke toshe su tun daga kaka, kuma galibi sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ake share su. Saboda haka zaɓin gari ɗaya da za ka sauka shi ne zai yanke maka hanyoyin da za ka hau. Kafin a shiga kwatance, a fahimci ma'aunin: idan aka ce hayi kashi 7 ne cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama mita 7. Kashi 5 ana hira a kansa, kashi 10 kuwa magana ɗaukewa take yi.

In za a zaɓi ɗaya tak, Stelvio ce ta arewacin Italiya, kuma daga ɓangaren Prato, garin da ke gindinta. Ƙololuwarta mita 2,757 ce, wato ta ɗara Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, da fiye da mita 300, kuma kwalta ce har sama. Daga Prato tafiyar kilomita 24 ce da ɗoriya, hawan kusan mita 1,800, matsakaicin hayin kashi 7.4. Daular Ostiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825 a hannun injiniya Carlo Donegani, kuma da yake don keken doki aka tsara ta, ba a miƙe ta tsaye ba, an yi ta lanƙwasa ta. Lanƙwasa, wato kwana, guda 48 ce, kowacce da lambarta a jiki, ana ƙirgowa daga 48 zuwa 1.

Wannan lambar ita ce agogonka. Kilomitocin farko zuwa Gomagoi masu sauƙi ne, kuma a nan mutane ke ƙona ƙarfinsu saboda ƙafa tana jin daɗi. Bayan ƙauyen Trafoi hanya ta shiga daji, hayin ya zauna a kashi 8 zuwa 9 ba ya sassautawa. Ka cika gorunanka biyu a Trafoi. Da ka fito daga itatuwa wajen Franzenshöhe, sauran kwanakin za su bayyana jere a jikin dutse ɗaya bisa ɗaya, ƙanƙarar dutsen Ortler mai mita 3,905 tana gefen hagu. Daga nan iska ta yi ƙaranci, bugun zuciya ya hau alhali gudunka ya ragu. Mai horo na tsaka-tsaki ya ware awa biyu zuwa uku, ya riƙa cin wani abu kowane minti 30 zuwa 40 tun yunwa ba ta zo ba. A ƙololuwa akwai masu gasa nama da burodi, amma yawancinsa alade ne, don haka ka taho da dabino ko ayabarka, ko ka tambaya kafin ka saya.

Abin da ya fifita Stelvio a kan sauran shi ne ba dole ka sauko ta inda ka hau ba. Ka gangara kimanin kilomita 3 ta ɓangaren Bormio, garin da ke ɗaya gefen dutsen, ka karya dama zuwa mashigin Umbrail mai mita 2,501, ka sauka Santa Maria a Suwizalan, sannan ka biyo kwari ta Glorenza ka koma Prato. Zagayen kusan kilomita 65 ne, kuma Umbrail ba ta da cunkoson da ke kan Stelvio. Fasfo ya kasance a aljihu, iyaka za ka ƙetare sau biyu. Aibin Stelvio ɗaya ne, babura da motocin masu yawon buɗe ido, musamman a makon 15 ga Agusta lokacin hutun Italiyawa. Maganinsa sammako: ka bar Prato da ƙarfe bakwai, ka sauko kafin hadarin la'asar da ya saba tasowa a Yuli da Agusta. Wanda ya sauka a Bormio ma bai yi asara ba, don mashigan Gavia da Mortirolo suna kusa, sai dai Mortirolo daga Mazzo kilomita 12 ce a kashi 10 da rabi cikin daji, wahala ce zalla babu abin kallo.

Alpe d'Huez ta Faransa suna ne ya ɗauke ta. Lanƙwasa 21, kilomita 13.8, kashi 8, Fausto Coppi ya fara cin ta a gasar tseren keke ta Tour de France ta 1952, kuma ƙarshenta garin otal-otal ne da za ka juyo ka sauko. Hawan safiya ɗaya ce, ba dalilin sayen tikitin jirgi ba.

Galibier ta Faransa ce kaɗai ke iya ja da Stelvio. Mita 2,642, kuma daga Saint-Michel-de-Maurienne sai ka fara hawa mashigin Télégraphe, ka ɗan gangara Valloire, sannan ka fuskanci kilomita 18 na ƙarshe, jimilla kusan 35. Tun 1911 Tour ke bi ta nan. Ga mai ƙarfi sosai ta fi komai, amma rana guda take cinyewa, kuma rufe zagayenta yana kai ka nesa. Sellaronda a tsaunukan Dolomites na Italiya ita ce ta wanda bai taɓa hawa babban dutse ba: mashigai huɗu, Campolongo da Pordoi da Sella da Gardena, a zagayen da bai kai kilomita 60 ba, kowane hayi gajere, gari da ruwa a kowane gindi. Motocin bas ne ke ɓata ta. Furka da Grimsel da Susten na Suwizalan kwaltarsu sumul, farashin kwana da abinci kuwa sai mai hali.

Yanzu ga inda kuɗi da rai suke salwanta, wato keken da za a ba ka. Giya tukuna: ka nemi faifan gaba mai haƙori 50 da 34, na baya kuma ya kai 32 ko 34. Mai shagon da ya ce 28 ta isa, ƙafar ɗan tsere yake nufi. Taya mai faɗin milimita 28 ta fi riƙe ƙasa a kwana. Sai birki, wanda ya fi sunan kamfanin keken muhimmanci nesa ba kusa ba. Saukowar mita 1,800 zafi take haifarwa a birki, kuma dole zafin ya tafi wani wuri. A birkin da ke matse bakin wili, wanda ya riƙe shi a hankali tun daga sama har ƙasa yana dafa wilin ne, iskar ciki ta kumbura, tiyub ya fashe, in kuma wilin kabon ne (wani abu marar nauyi da ake ƙera kayan keken tsere da shi) mai arha sai bakinsa ya yi laushi ya buɗe taya ta fita. Ka zaɓi birkin faifai, mai milimita 160 in kana da jiki. Ka leƙa takalmin birkin da idonka a shago, in abin da ya rage bai kai milimita 1 ba a canza kafin ka fita. Ka gwada wane hannu ne ke riƙe na gaba, a Italiya da Faransa yawanci hagu ne. A gangare kuma ka matse da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka bar shi ya huce. Kada ka manta da riga mai tare iska da safar hannu, don kowace mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kuma yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa jan birki.

Jabu ya cika intanet. Wilin kabon mai ɗauke da sunan babban kamfani a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa fenti kawai ka saya. Hular kwano ta jabu ta fi muni, don a ido ba ta da bambanci sai ranar faɗuwa. Ka duba cikinta ka ga alamar ingancin Turai ta EN 1078 da ranar ƙira, kuma ko alamar ana bugawa ta ƙarya, saboda haka ka saya a shagon da za ka iya komawa. Sarƙa da takalman birki masu sunan kamfanin Shimano ma ana yin jabunsu har da kwali. A shagon haya, ka ɗauki hoton keken ta ko'ina a gaban mai shago, musamman ƙasan gangar jikin keken da bakin wili, in ba haka ba tsohon tabo zai cinye kuɗin ajiyar da aka riƙe a katinka.

Masu shirya tafiya su ma a karanta takardarsu da kyau. "Za ka hau Galibier" na iya nufin a sauke ka da mota a Lautaret, mashigin da ke kusa da ƙololuwarta, ka taka kilomita 8 da rabi kacal. A Alpe d'Huez akwai layin da ke bakin gari, akwai kuma ainihin inda Tour ke ƙarewa can sama, kusan kilomita biyu tsakani. Ka sa a rubuta maka garin da za a tashi da yawan mitocin hawa na kowace rana. Ranakun da ake rufe Stelvio da Sellaronda ga motoci a bar wa masu keke kyauta ne, duk mai sayar maka da tikitinsu ɗan damfara ne. Gasar Maratona dles Dolomites mai kilomita 138 ta farkon Yuli da ƙuri'a ake samun yawancin gurabenta kuma lamba da sunan mai ita take, don haka lambar da wani ke tallatawa a Facebook ba abar taɓawa ba ce.

Bizar Schengen ɗaya ta isa Italiya da Faransa da Ostiriya da Suwizalan, kuma tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Irin inshorar da dillalai ke haɗawa don biza kawai sau da yawa ba ta ɗaukar tseren keke ko ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu daga kan dutse, alhali a wasu yankunan kai za a miƙa wa takardar kuɗin. Ka nemi a nuna maka waɗannan biyun a rubuce, ka ajiye lambar gaggawa 112 a wayarka.