Asibitin dabbobin da suka yanke wa Duna ƙafa: hannunsu na da kyau, amma bayanin magani ne matsalarsu

Wata biyu ke nan da aka yi wa karena Duna tiyata a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Kaduna, kuma tun lokacin nake son in rubuta yadda ta kaya saboda masu kiwo irina, don ni da na shiga wannan hali ban samu ko mutum ɗaya da zan tambaya ba. Ba zan kama sunan wajen ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata.

Duna shi ke gadin gonar kajina shekara biyar ke nan, ɓarawo bai taɓa shigo mana ba yana nan. Ya ɓace kwana biyu, ashe tarkon waya ne na masu kama gyazbi ya shaƙe masa ƙafar gaba ta hagu, ko da yaron gona ya gano shi ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ta fara wari. Mutane da yawa sun ce mini Malam kare ne fa, ka bar shi kawai. Ni dai na kasa, dabbar da take kwana a waje don ni in kwana a ɗaki ba zan zuba mata ido tana ruɓewa ba.

Maganar aiki kam sai dai in ce Allah ya saka musu. Likitar mace ce, ta duba ta ce Malam wannan ƙafar ta riga ta mutu, in aka bar ta gubar za ta shiga jini. Sun ɗebi jini sun gwada ƙoda da hanta kafin su sa masa allurar barci, sun yi masa ƙarin ruwa, sannan suka cire ƙafar gaba ɗaya har da allon kafaɗa, ta ce in aka bar guntu ba amfanin da zai masa sai dai ya riƙa bugawa yana jin ciwo. Ɗinkin ya yi kyau tsaf, wajen a share yake ba ƙarni, ya kwana ɗaya a hannunsu, kuma kuɗin da suka faɗa tun farko shi na biya, ba wanda ya ƙaro mini wani caji daga baya.

Inda muka samu matsala wajen sallama ne. Wani yaro a kanta ya miƙo mini leda huɗu, magungunan rage ciwo uku, wato meloxicam da gabapentin da tramadol, da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, an rubuta ɗaya safe ɗaya dare da biro a jiki, shi ke nan. Ba wanda ya ce mini ga abin da za ka gani in ya sha, ga wanda ba komai, ga wanda in ka gani ka garzayo. Likitar tana cikin wata tiyatar, ni kuma ban san akwai abin tambaya ba balle in tsaya jiranta.

Daren farko lafiya lau don allurar asibiti ba ta sake shi ba. Dare na biyu ne wallahi ban runtsa ba. Na ba shi tramadol ya tauna ƙwayar maimakon ya haɗiye, sai ga kumfa tana zuba daga bakinsa, yaron gona yana gani ya ja baya yana cewa haukan kare ne, alhali duk shekara ana masa rigakafi. Bayan kamar awa ɗaya ya fara haki yana wani siririn kuka ba tsayawa, ido a buɗe yana kallon bango kamar bai san ni ba, in ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya faɗi, ga shi dama ƙafa uku ce bai saba ba. Ni a tunanina ciwo ne ya yi masa yawa maganin bai isa ba. Na kira lambar da ke jikin rasit ya fi sau goma ba a ɗauka ba. Akwai diclofenac a gida na ciwon bayana, na ɗauko shi na riƙe a hannu na daɗe ina shawara, Allah ne kawai ya sa na mayar.

Da safe da na samu Dakta na faɗa mata, sai da ta yi salati. Ta ce diclofenac da ibuprofen suna huda cikin kare su lalata ƙoda ko da su kaɗai aka ba shi, balle a ɗora a kan meloxicam da yake danginsu ɗaya. Haka dexamethasone da prednisolone da mutane ke saya a kemis, ba a haɗa su da meloxicam sam. Ko paracetamol ta ce kar in ba shi da kaina sai likita ya auna. Kumfar kuwa ɗacin tramadol ne kawai, kukan da hakin ma yawanci maganin ne ya juya masa kai, tangaɗin kuma aikin gabapentin ne kuma yana raguwa bayan 'yan kwanaki. Ta koya mini yadda zan bambance, kuma wannan ne abin da na so a ce tun ranar sallama na ji shi: in ciwo ne za ka ga yana makyarkyata, ya ƙame jiki, ya kasa samun yadda zai kwanta, in ka kai hannu kusa da ɗinkin ya zabura ko ya yi gurnani. In kuma magani ne ya bugar da shi, kana taɓa wajen ba ruwansa, kukan ba shi da dalili, kuma yana tashi ne jim kaɗan bayan ya sha. Ta tsayar da tramadol ɗin, ta ce dama jikin kare ba ya sarrafa shi yadda na mutum ke yi shi ya sa ba ya musu aiki sosai, ta rage gabapentin na rana ta bar na dare yadda yake. Ragowar tramadol ɗin a wajensu na baro shi, kowa ya san halin da ake ciki da wannan ƙwayar, ba na son ta kwana a gona inda samari ke shige da fice.

Kwana huɗu bai yi kashi ba, ta ce ba komai, allurar tiyata da rashin cin abinci ne, na riƙa haɗa masa dafaffiyar kabewa a abinci ya sake. A rana ta biyar kuma sai amai. Lokacin zafi ne, ya ƙi cin komai da safe ni kuma na ɗura masa meloxicam a haka don kar lokaci ya wuce, ashe da abinci ake bayarwa, wannan ma ba a rubuta a leda ba. Wannan karon ta ba ni lambarta ta WhatsApp, ina tura mata saƙo ta ce in dakata da shi nan take, in tabbatar yana shan ruwa, in lura da kashinsa, in ya yi baƙi kamar kwalta to jini ne daga ciki in kawo shi ko tsakar dare ne. Alhamdulillahi bai kai nan ba. Ban da haka ta ce ba a sauya masa wani ɗan uwan maganin washegari, sai an bar jiki ya huta kwanaki.

Dabarar ba shi ƙwaya da ta yi mini aiki ita ce in cusa a cikin dafaffen ƙwai ko kifin gwangwani. Kar a sa a tsire ko ragowar miya, albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare.

Sai kumburi da ya taru a ƙasan ɗinkin kamar ruwa a leda, na tura hoto ta ce ruwan jiki ne da ke taruwa inda aka cire nama, in dai ba zafi ba wari ba ruwa mai kauri to in riƙa gasa masa da tsumma mai ɗumi in hana shi tsalle, kuma da kansa ya sace. Mazurarin roba da ake sa musu a wuya don kar su lashi ciwo ba su da shi a asibitin, wannan ma ya ba ni haushi, tsohuwar riga na sa masa na ɗaure ta baya. Ƙuda kuma ni na yi wa kaina tunani na kafa masa gidan sauro, don a gonar kaji in ƙuda ya samu ciwo kwana biyu ya isa ka ga tsutsa. Simintin ɗakin yana da santsi sai na shimfiɗa buhunan abincin kaji da tsohuwar tabarma, in zai fita fitsari in zura tawul ta ƙarƙashin ƙirjinsa in tallafe shi.

Rana ta 14 aka cire zare, ba su karɓi ko sisi ba. Na ɗauka an gama, sai a sati na uku yana kwance lafiya kawai ya ƙwalla ƙara ya juya yana kai cizo daidai inda ƙafar take a da, inda babu komai sai iska. Wannan ya taɓa mini zuciya fiye da komai. Dakta ta ce jijiyoyin da aka yanke ne ke aika saƙon ciwo kamar ƙafar tana nan, mutanen da aka yanke wa gaɓa ma suna fama da shi. Ta mayar da shi kan gabapentin, da ya lafa kuma ba a tsayar lokaci ɗaya ba, a hankali aka riƙa ragewa har aka daina.

In wani ya tambaye ni zan ce ya kai dabbarsa wajen, don aikin hannu da haƙurin likitar ban ga kamarsu ba, amma kar ya karɓi ledar magani daga kanta ya tafi, ya zauna ko awa biyu ne sai ya ga likita da idonsa ta faɗa masa aikin kowane ɗaya da illarsa, ya rubuta, ya kuma karɓi lambar da ake ɗauka da dare. Na faɗa musu wannan baki da baki, na ce takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci ta wadatar, ta ce za su duba.

Duna yanzu yana zagaya gona da ƙafa uku, yana saurin gajiya don wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a gaba yake kuma ƙafa ɗaya ce ke ɗauka yanzu. An ce kar in bari ya yi ƙiba, don haka na hana yara jefa masa matattun kaji, kuma ƙarshen wata zan mayar da shi a auna nauyinsa a duba kafaɗar dama.