Wace manhaja ta dace da yaro mai buƙata ta musamman? Abin dubawa kafin a kashe kuɗi

Tambayar da iyaye suka fi kawo wa malaman yara masu buƙata ta musamman a Katsina ita ce, "Malam, wace manhaja zan sa masa a waya?" Ba ta amsuwa sai an san wane ne yaron. Abin da zai amfani yarinya kurma 'yar shekara biyar ba zai tsinana wa makaho komai ba, kuma yaron da ke ji yana gani amma magana ta ƙi fita, nasa maganin daban ne. Saboda haka kafin a je wurin mai waya, a fara zama da malamin yaron ko likitansa a tsayar da abu ɗaya tak da ake so ya iya cikin watannin nan: ya nemi ruwa da kansa, ko ya gane haruffa biyar, ko ya ƙirga zuwa goma.

Akwai gwaji biyu da nake yi wa kowace manhaja, kuma yawancin waɗanda ake tallatawa a nan suke faɗuwa. Na farko, a kashe data a gani. Tun a shago, ku sa wayar a yanayin jirgin sama ku buɗe manhajar. In ta tsaya tana juya da'ira, ku bar ta. Gidan da ke jiran wutar KEDCO yana sayen data da awo ba zai iya riƙe darasin da ke buƙatar intanet kullum ba, balle a Mai'aduwa ko Zango inda sabis kan zo ya tafi. Na biyu, da wane harshe take magana? Yaron da har yanzu yake kokawa da kalmar "ruwa" a harshen uwarsa, ɗora masa muryar Baturiya ƙarin kaya ne.

Bari in daɗe a kan yaran da ba sa magana, domin a nan ne manhaja ta fi yin aikin da ido ke gani, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Waɗannan su ne masu galahanga, da wasu masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi. Manhajojinsu allon hotuna ne: yaro ya taɓa hoto, waya ta faɗi kalmar. Wadda ta fi suna a duniya ita ce Proloquo2Go ta kamfanin AssistiveWare, wadda ta fito a 2009. An yi ta da kyau, babu musu. Sai dai ba ta aiki sai a na'urorin Apple irin su iPad da iPhone, kuɗinta ya haura dala 200, kuma ba ta da Hausa. Ku haɗa kuɗin iPad da nata ku mayar naira, sai ku tarar kun sayi abin da zai yi wa ɗanku Turanci a tsakar gidan da ba a jin Turanci.

A ɓangaren Android akwai na kyauta. LetMeTalk tana zuwa da dubban zane-zane daga taskar ARASAAC ta ƙasar Sifen, tana aiki ba intanet, amma muryar na'urar waya take ara, wato in kun rubuta Hausa za ta karanta da lafazin da ko ku ba za ku gane ba. Cboard, wadda UNICEF ta tallafa wa, tana barin mutum ya sa hotonsa ya naɗi muryarsa. JABtalk ma haka. Tsohuwa ce, fuskarta ba ado, a gwada ta a wayar kafin a dogara da ita. Ni dai Cboard da JABtalk nake fifitawa, saboda dalili ɗaya: uwa na iya mayar da su Hausa da bakinta cikin yamma ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ku ɗauki hoton kofin da yaron ke sha da shi, shuɗin nan mai tsagaggen hannu, ba zanen kofi daga intanet ba. Uwa ta danna naɗi ta ce "ruwa". Sai hoton kunu a kwanonsa, hoton fo, hoton tabarmar da yake kwanciya, hoton Baba, hoton ƙofar gida don "fita". Hotuna huɗu zuwa shida sun isa a farko, manya-manya, kuma kada a riƙa sauya musu wuri, domin hannun yaro yana haddace gurbi kafin idonsa ya haddace hoto. Duk sanda za a ba shi ruwa, babba ya taɓa hoton da kansa, wayar ta ce "ruwa", sannan a miƙa masa. Ranar da ya taɓa da kansa, a ba shi nan take ko da ya sha yanzu-yanzu. Wasu kakanni kan ce wannan zai sa yaro ya yi kasalar magana. Masana gyaran magana sun daɗe da nuna cewa allon hotuna ba ya hana magana fitowa, sau da yawa ma yana rage kukan da bugun kai na yaron da ya rasa hanyar faɗin abin da ke damunsa. In wayar ta mutu, hotunan nan da aka buga a kwali aka lulluɓe da leda suna yin aiki iri ɗaya, kuma ya kamata kowane gida ya ajiye su.

Na yara kurame kuwa akwai tarko. Yawancin manhajojin koyon maganar hannu da ke Play Store na Amurka ne ko na Ingila, kuma waɗannan biyun ma ba iri ɗaya ba ne. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ta samo tushe daga ta Amurka, tun zamanin Andrew Foster da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, amma ta yi nata rassan. Ga kuma maganar hannu ta Hausawa da kurame ke yi a kasuwa da unguwa. In yaronku zai shiga makarantar kurame ta Malumfashi ko wani aji irinta, ku tambayi malaminsa wace alama suke amfani da ita. Abin da ya fi kowace manhaja arha da inganci shi ne ku roƙi malamin ya yi alamun kalmomin mako a gaban kyamara, daƙiƙa goma-goma, ku ajiye a waya duk gida ya koya. Yaro kurma ya fi buƙatar yayyensa su iya yi masa magana fiye da wani wasa mai launi.

Makafi ƙanana ba su da babban rabo a fuskar gilashi mai santsi. Yatsunsu na buƙatar ɗigo shida na rubutun makafi, da allo da tsinken hudawa, kuma babu manhajar da ke maye gurbin wannan. Abin da waya za ta ba su a wannan shekarun shi ne sauti: tatsuniya, karatun Alƙur'ani, waƙar ƙirga. Manhajar da ke karanta abin da ke fuskar waya da murya ta riga ta zo a cikin wayar, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, kada wani ya karɓi kuɗinku a kanta. Makarantar da ke da kwamfuta za ta zaɓi irin wannan manhajar tsakanin JAWS mai tsada, wadda gwajinta na kyauta ke yankewa bayan minti 40, da NVDA wadda kyauta ce gaba ɗaya. Ga ajin firamare NVDA ta wadatar. Yaro mai raunin gani, kamar zabiya da yawa, sau da yawa ƙara girman rubutu da kunna madubin ƙara girma a saitin waya shi ne duk abin da yake nema.

Sai manhajojin karatu da lissafi, ga yaron da fahimtarsa ke tafiya a hankali. GCompris kyauta ce, babu talla, tana aiki ba intanet a waya da kwamfuta, tana da ayyuka sama da ɗari na 'yan shekara 2 zuwa 10, kuma da yawansu, kamar haɗa siffofi da jan abu da yatsa, ba sa buƙatar harshe. Khan Academy Kids ma kyauta ce kuma tana da kyau, amma Turanci ce zalla kuma tana da nauyi ga ƙaramar waya. Ga Hausa, ku nemi Feed the Monster ta Hausa don sautin haruffa, da Bloom Reader da African Storybook inda ake sauke littattafan yara na Hausa a karanta ba data. Malaman da suka yi aiki da shirin koyar da karatu da lissafi na RANA a firamaren Katsina da Zamfara sun san amfanin fara karatu da sautin harafi a harshen gida. Yaro mai jinkiri ya fi kowa buƙatar wannan.

Ku zauna ku buga wasan da kanku na minti biyar kafin ku miƙa. Me ke faruwa in an yi kuskure? In ƙara ce mai firgitarwa ko agogo mai ƙirga lokaci, yaronmu zai jefar da wayar. In talla ke faɗowa a tsakiya, yatsansa zai kai shi inda ba ku so. Walƙiya mai yawa kuma a guje ta ga mai farfaɗiya, domin tana tayar wa wasunsu da ciwon.

Game da na'urar, ina shakkar kwamfutocin hannun nan masu launi da ake sayarwa "na yara, cike da darussa". Akasari ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, batirin bai daɗewa, darussan kuma wasanni ne da za ku iya saukewa kyauta. Gara kwamfutar hannu ta Android ta gama-gari mai faɗin inci 8 zuwa 10, irin wadda masu gyara a gari ke da gilashinta, a sa mata rigar roba mai kauri. Yaro mai rawar hannu yana buƙatar faɗin nan. A saitin Android kuma akwai wurin ƙara tsawon lokacin taɓawa, da wurin maƙale manhaja ɗaya a fuska don kada ya fice. A iPad sunan wannan Guided Access. Ku yi hattara da masu cewa kyauta na kwana bakwai: biyan wata-wata ne da dala ke biyo baya, yana cirewa daga kati ko kun manta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zamansu a gaban fuskar na'ura ya wuce awa ɗaya a rana. Wannan ya shafi wasanni da kallo; allon da yaro ke magana da shi bakinsa ne, ba a ƙwace masa. Makarantu kuma su tuna cewa dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaran nan haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Shugaban makarantar da zai rubuta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, neman kayan aiki ya sa caja mai sola da horar da malami a cikin lissafin, ya kuma fara da na'ura biyu ko uku a aji ɗaya na zango guda kafin ya nemi na makaranta duka.