Agadas ko Benin, ina za a kai hutu?

In ka samu 'yan kwanaki da 'yan jikkoki a aljihu kana Maradi, biyun nan su ake ta gardama a kai.

Agadas dai gida ce, ba ruwanka da wahalar iyaka, ka hau kar ta Zinder ka wuce Tanout shi ke nan. Tsohon gari ne na gaske, hasumiyar masallacin nan ta laka ta kai mita 27 kuma UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. In ka shige duwatsun Ayar ka isa Timia sai ka ga garake cike da lemu da rumman a tsakiyar dutse, ga ruwa na zubowa daga sama, wallahi abin ba a magana. Amma sai mota mai ƙarfi da ɗan jagora, kuma ka tambayi labarin tsaron hanya kafin ka tashi.

Benin kuwa teku ce ke jan mutum, mu da ko gulbin Maradi sai damina yake kawo ruwa. Ganvié gari ne sukutum a kan tafkin Nokoué, gidaje bisa itace, mata na cin kasuwa cikin kwale-kwale, ga Ouidah da tarihin cinikin bayi a bakin teku. Kuɗi ma sefa ce ba canji. Sai dai hanyar Dosso zuwa Gaya da nisa, kuma tun 2023 ƙetarawa Malanville ta zama aiki, ga zufa da danshin Kwatano.

Ni da iyali zan yi Benin, yara su ga teku. Mu da abokai kuwa Agadas, lokacin sanyi.