Birgin zaren roba na kanti: buɗewa kamar faifai, nutsewa kamar ganye

Dattawan masunta na wajen Yauri ba sa yabon birgi, wato ragar kamun kifi da ake jefawa, a rataye. Sai sun ɗaga shi sun ji nauyin bakinsa, sun karci ɗaya daga cikin dalmomin da ke jere a bakin da wuƙa. Da wannan ake fara koya wa yaro sana'ar su, kafin ma a nuna masa yadda ake ɗora kashi ɗaya na birgin a kafaɗa. Da na sayi na zaren roba a kanti, na tsallake gwajin, na kuma ji a jikina.

Gaskiya ɗaya, birgin yana buɗewa. Faɗin idon ragar yatsa biyu ne, tsawonsa gaba biyu, zaren ba ya shan ruwa, don haka jifa talatin ba ta gajiyar da kafaɗa kamar na saƙar hannu. A ruwa iya gwiwa, inda karfasa ke kiwo da sassafe, ba shi da laifi ko kaɗan.

Matsalar tana bayyana ne da zarar zurfi ya wuce gaba ɗaya. Birgi yana kamu ne idan bakinsa ya riga kifi isa ƙasa. Wannan kuwa sauka yake a hankali, kana kallon karfasa na zamewa ta ƙarƙashi. Jifa bayan jifa, sai ciyawa. Cikin mako biyu jan tsatsa ya fara bin igiyar baki, alhali dalma ba ta tsatsa. Da aka kanga maganaɗisu sai ya manne. Ashe guntayen ƙarfe ne aka shafa wa fenti mai ruwan toka! Dalmar gaske taushi gare ta, wuƙa na shigarta, kuma a girma ɗaya ta fi ƙarfe nauyi sosai. Gaba ɗayan bakin bai cika kilo biyu ba, inda ake bukatar kusan huɗu.

Gyaran mai yiwuwa ne: a yanke ƙarafan, a sa sabuwar igiya, a matse dalma tazarar yatsa uku uku. Har na so in ce da wannan gyara ya ci kuɗinsa. Sai na tuna aljihun baki, inda kifi ke maƙalewa in an jawo birgin. Ɗauri ɗaya suka yi masa, zaren roba kuwa santsi gare shi, ƙulli na zamewa. Ƙurungu biyu suka shiga, ƙayarsu ta kama ido, wajen cirewa aljihu uku suka warware. Na saƙar tsofaffi ƙulli biyu ake yi, kuma in ya yage ana ɗinke shi a gindin bishiya kafin la'asar. Wannan in ya sha rana ma ƙara bushewa yake yana tsinkewa.

Mai shagon cewa ya yi haka suke zuwa a kwali. To, mai saye ya tafi da maganaɗisu a aljihu, ya kuma sa a ɗora masa birgin a sikeli kafin ya miƙa kuɗi.